Hashiyar da ke Jikin Ƙwayar Gado

Wata ranar Laraba cikin Afrilun 2024, lokacin da zafin Yerwa ke sa fanka ta riƙa feso iska kamar daga bakin maƙera, wata ɗaliba ta shigo ofishina da kwamfutarta a buɗe. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, an ce in kawo jerin haruffan 3′ UTR na HBB. Na shiga wuri uku, na fito da amsa uku. Wacce ce ta gaskiya?"

Na ce ta ja kujera. Ba shekarar da ke wucewa ban ji wannan tambaya ba, kuma ni ma na yi ta a zamanina. Da muka duba sai ga biyu daga cikin amsoshin nata daidai suke, kowace a muhallinta. Ta ukun kuwa a juye take, ta karanto ta daga wutsiya zuwa kai.

Bari in ɗan koma baya saboda wanda ba ɗan gida ba. DNA rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, kusan biliyan 3 a jinom ɗin mutum, wato cikakken littafin gadonsa. Idan tantanin jiki zai ƙera furotin, ba ya fito da uwar littafin daga ma'ajiya. Kwafi yake yi na shafin da yake bukata, wato ƙwayar gado guda, kwafin nan shi ne mRNA, ya miƙa wa ribosom, shi kuma ya bi shi yana karanta haruffa uku-uku tun daga ATG har zuwa alamar tsayawa. To amma kwafin ya fi abin da ake karantawa tsawo. Akwai saura kafin ATG, akwai saura bayan alamar tsayawa. Waɗannan ragowar biyu su ne UTR, wato yankin da ba a fassarawa zuwa furotin. Na gaba shi ne 5′, na baya 3′. Mu a aji kai da wutsiya muke ce musu.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure a Barno ya san kamannin tsohon kwafin Risala na hannu: layukan matani 'yan kaɗan a tsakiya, manya, da tazara, gefe kuma cunkushe da ƙananan rubutu. Mai biya matani ba ya furta hashiya, amma ita ke nuna masa inda zai dakata da abin da kalma ke nufi. Haka UTR yake. Shi ke faɗin ko a yawaita karanta kwafin ko a taƙaita, a wane lungu na tantani za a ajiye shi, da kuma tsawon lokacin da zai yi kafin a yayyaga shi. Misalin yana da iyaka, na sani. Hashiya wani ne ke ƙara ta daga baya, UTR kuwa tare da matani ake kwafo shi.

Na buɗe wa yarinyar takardar HBB, ƙwayar gadon beta-gulobin ta jini, a rumbun RefSeq, mai lamba NM_000518.5. Haruffa 628 ne gaba ɗaya. Can a jikin bayanin akwai layi guda da ke cewa sashen furotin ya fara daga harafi na 51 ya ƙare a na 494. Na ce, "To 'yata, sauran aikin lissafin 'yan firamare ne." Daga 1 zuwa 50 kai ne, ya fara da ACATTTGC ya ƙare da GACACC, sai ATG ya biyo. Daga 495 zuwa ƙarshe wutsiya ce, farkonta GCTCGC. Ta dube ni ta ce, "Shi ke nan, Malam?" Na ce shi ke nan, idan HBB ce. Da za a ce duk ƙwayoyin gado kusan 20,000 da ke ƙera furotin haka suke da ladabi, da mun daɗe da neman wata sana'a.

Ladabin HBB yana da dalili. Ita ce 'yar fari a wannan fage. Jajayen ƙwayoyin jini, kafin su gama nuna, cike suke maƙil da mRNA na gulobin, saboda haka lokacin da ba a da dabarar ware kwafi ɗaya daga cikin dubbai, nan ne kawai mutum zai ɗebo abu kusan tsantsa. A 1976, a Kambirij ta Ingila, Nick Proudfoot da George Brownlee suka lura cewa wasu haruffa shida, AAUAAA, suna maimaituwa dab da ƙarshen kwafe-kwafe daban-daban. Ita ce alamar da ke cewa a yanke nan, a ɗaura jelar A. A 1977 Proudfoot ya fitar da cikakkiyar wutsiyar beta-gulobin ta mutum da ta zomo, Francisco Baralle kuma ya fitar da kan. Wato haruffa hamsin ɗin da ɗalibata ta samu cikin daƙiƙa biyar, an yi watanni ana fafutukar karanto su tun ba a haifi mahaifiyarta ba, ko kuma tana goye.

A cikin waɗannan shekarun ne kuma Alan Fleming da abokan aikinsa ke auna jinin mutanen Garki, ta jihar Jigawa a yau, ƙarƙashin shirin binciken zazzaɓin cizon sauro na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sun tarar kusan jarirai 2 cikin 100 da sikila ake haifar su, kuma ƙalilan ne ke kai wa girma. Harafi ɗaya ne ya jawo wannan, GAG ya koma GTG a cikin HBB ɗin nan. Ina yawan gaya wa ɗalibai cewa ƙwayar gadon da duniya ta koyi karatu a kanta ita ce wadda ke kwantar da 'ya'yanmu a gadon asibiti.

Rumbunan bayanai sun zo daga baya. Na Turai, EMBL, ya fara a Haidelbag ta Jamus a 1980. GenBank ya biyo a 1982 a Los Alamos ta Amurka, kuma a ƙarshen wannan shekarar jeri 606 ne kacal a cikinsa. Har tsakiyar shekarun 1980 ana buga abin da ke ciki a littattafai, mutum ya sa yatsa yana bin layi. Marilyn Kozak ta zauna ta tattaro kawunan mRNA 699 ta jera su, a 1987 ta nuna irin haruffan da ribosom ke son gani kewaye da ATG kafin ya yarda cewa nan ne mafari. Har yau da sunanta ake kiran wannan tsari.

Sai dai akwai wata ɓaraka da ta biyo tarihin nan tun daga tushe, kuma ita ce uwar rikicin da ɗalibai ke faɗawa. Ba a karanta mRNA kai tsaye a wancan lokaci. Sai an kama shi ta jelarsa ta A, sannan a sa wani sinadari ya bi shi da baya da baya yana mayar da shi DNA, daga wutsiya zuwa kai. Sinadarin nan kuwa raggo ne, sau da yawa yakan sauka a hanya. Saboda haka a tsofaffin takardun GenBank, abin da ka gani kafin ATG ba lallai ne shi ne cikakken kai ba. Wataƙila inda sinadarin ya gaji ne kawai. Ta ɓangaren wutsiya ma akwai tarko: idan akwai jerin A masu yawa a tsakiyar kwafi, ƙugiyar takan maƙale a nan, a ɗauka an kai ƙarshe alhali da saura. Yawancin masu ajiye bayanan ma ba su damu ba. Furotin suke nema, da sun ga ATG da alamar tsayawa sai su rufe littafi. A 1988 Michael Frohman ya fito da dabarar RACE don cike waɗannan gutsattsarin, daga 1991 kuma aka shiga tara guntayen kwafe-kwafe da ake kira EST har suka kai miliyoyi. A tsakiyar shekarun 1990 Graziano Pesole da mutanensa a Bari ta Italiya suka ga abin ya isa a ba shi gidansa, suka kafa UTRdb, rumbun da ba ya ajiye komai sai kai da wutsiya.

Mu nan labarin ya iso mu ne ta shagon intanet. A farkon shekarun 2000, lokacin da Ensembl ya fara aiki a Hinkston kuma Jim Kent, ɗalibin digiri na uku a Santa Kuruz ta Kalifoniya, ya harhaɗa daftarin jinom ɗin mutum aka sa shi a intanet ranar 7 ga Yulin 2000, mu muna sayen lokaci ne awa-awa. Na dare ya fi araha, ya kuma fi gudu. Sai mutum ya ci tuwo, ya yi sallar isha'i, ya tafi da faifan filofi biyu ko uku a aljihu da littafin rubutu, ya zauna tsakanin masu neman gurbin karatu a waje da masu hira da 'yan mata. Shafin UCSC, wato jami'ar Santa Kuruz ɗin, yakan sauko ne daga sama a hankali kamar ana sakin labule. A wannan hoton na fara ganin UTR da idona: kowace ƙwayar gado an zana ta da akwatuna, masu kauri su ne na furotin, sirara a gefe biyu su ne kai da wutsiya. Faifan filofi kuma ba shi da amana a ƙurar Maiduguri. Shi ya sa har yau nake da littattafan da na kwafe jerin haruffa da biro, goma-goma, ina sa ɗigo a ƙarƙashin kowane na hamsin.

Wannan ɗabi'a ta "sauke ka ajiye" ta yi mana rana. A watan Mayun 2013, da aka sa dokar ta-ɓaci, an katse layukan wayar salula a Barno na tsawon watanni. A 2021 kuma aka kayar da turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, garin ya yi mafi yawan shekarar a duhu. Wanda ya saba buɗe shafi duk lokacin da ya ga dama ya sha wuya. Wanda ke da fayil ɗin jinom da na bayanin iyakoki a cikin kwamfutarsa, da ɗan abin da ya koya na rubuta umarni, ya ci gaba da aiki muddin batir bai mutu ba. Da yawa daga cikinmu tilas ce ta koya mana sarrafa bayanai da umarnin rubutu, babu wani kwas da muka shiga.

Hanyoyin da ake bi yau ba su da yawa. Ko dai ka buɗe takardar RefSeq ka cire sashen furotin kamar yadda muka yi, ko ka shiga Table Browser na UCSC ka zaɓi a ba ka kai ko wutsiya kaɗai, ko ka je BioMart na Ensembl idan ƙwayoyin gado ɗari kake nema lokaci guda. Latsawar ba ta da wuya. Ramukan da ke hanya ne abin ji.

Na farko shi ne wanda ɗalibata ta faɗa. DNA tufka biyu ce, kowane zare da inda ya fuskanta. HBB tana kan kiromosom na 11, a zaren da ke tafiya baya. Idan ka yanko yankinta daga jinom kai tsaye ba ka juya ba, za ka sami wutsiya a farko, kuma kowane harafi ya zama abokin aurensa, A a gurbin T, C a gurbin G. Har canjin sikila ma, da muka sani da A zuwa T, a jinom T zuwa A za ka gan shi.

Na biyu ni ne na faɗa shi, kuma da kuɗina. Jinom ɗin da ake aunawa da shi ana sabunta shi: akwai bugun 2009 da ake kira hg19, akwai na Disambar 2013, hg38. Lambobin wurare sun gusa tsakaninsu. Harafin sikila yana lamba 5,248,232 a tsohon, a sabon kuma 5,227,002. Bambancin 21,230 ke nan. Na ɗauko lambobin wutsiyar HBB daga wata tsohuwar takardata, na zuba su a sabon bugu ban lura ba, na tsara firaima, guntayen DNA da ke kamo wurin da ake son kwafowa, na haɗa daloli na aika waje, na jira makonni. Da suka iso na yi PCR, layi ya fito tar a kan jel, har na kira abokan aiki su zo su gani. Sai da sakamakon karatun haruffa ya dawo na sa shi a BLAST, manhajar kwatanta jerin haruffa, na ga ashe ina can wani fili dab da ƙwayar gadon himogulobin ɗin jarirai, nesa da inda na nufa. Kowane mataki ya yi kyau, adireshin ne na wani gida. Tun daga ranar ba na sa hannu a kundin ɗalibin da bai rubuta bugun jinom ɗin da ya yi aiki da shi ba. Akwai kuma ƙaramin ƙanen wannan rami: fayilolin UCSC daga sifili suke fara ƙirga, Ensembl daga ɗaya. Harafi guda ne bambancin, amma ya isa ya sa A ɗin ATG ya shigo maka cikin kai.

Na uku shi ne babba, kuma ba kuskure ba ne, halitta ce. Ƙwayar gado ɗaya ba kwafi ɗaya take fitarwa ba. Fiye da rabin na mutum suna da wurin yanke wutsiya sama da ɗaya. A ƙwaƙwalwa wutsiyoyi sukan yi tsawo, a tantanin da ke saurin rarrabuwa, har da na ciwon daji, sukan gajarce. Kai ma haka: aikin da cibiyar RIKEN ta Japan ta yi da dabarar CAGE ya nuna cewa da yawa ba su da harafi guda da suke farawa daga shi kullum, fage ne mai ɗan faɗi. Wani kan ma a yanke yake gida biyu ko uku, da dogon fili a tsakani wanda ake cirewa. Saboda haka tambayar "mene ne UTR na ƙwayar gado kaza" gurguwa ce tun daga bakin mai yin ta. Na wane kwafi? A wace gaɓa ta jiki? In ji wa? Babu layin da aka ja a jikin DNA aka ce ga iyaka. Mutanen RefSeq a Betesda da na Ensembl a Hinkston ne ke duba hujjoji su ja layin, kuma shekara da shekaru suna saɓani. Sai a 2018 ɓangarorin biyu suka fara shirin MANE, inda suke zaɓar kwafi ɗaya ga kowace ƙwayar gado su daidaita shi harafi da harafi, tun daga kai har wutsiya. Amsar ɗalibata ta biyu daga wani kwafin HBB ne na daban da Ensembl ya jera. Ba ƙarya ba ce, ba dai ita mai duba aikinta ke nufi ba. Na nuna mata alamar MANE a gefen ENST00000335295, na ce ta riƙe wannan, kuma ko da wasa kada ta yar da lambar da ke bayan ɗigo, irin wadda ke ƙarshen NM_000518.5.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan wahala a kan gefen shafi? A 1985 Stuart Orkin da abokansa suka bayyana wani nau'in ƙarancin jini na talasimiya wanda matanin HBB ɗinsa lafiya lau yake. Aibin yana wutsiya, AATAAA ya koma AACAAA, sai yankan ya ƙi yiwuwa yadda ya kamata. A rubutun likitoci c.*110T>C ake sa masa, tauraron nan shi ke nuna cewa bayan alamar tsayawa ake ƙirga. A ƙarshen shekarun 1980 aka gano cewa tantani yana auna sinadarin ƙarfen da ke jikinsa ne ta wani ɗan lanƙwasa a kan mRNA na feritin. A 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun, suna aiki a kan wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, suka ga wani ɗan RNA mai haruffa 22 yana maƙalewa a wutsiyar wani kwafi ya rufe masa baki. Mutane suka ce abin tsutsa ne, sai da aka ga irinsa a jikin mutum a 2000. Ko allurar rigakafin korona ta Pfizer, kan mRNA ɗinta daga alfa-gulobin na mutum aka aro shi, domin an san jiki ba ya wasa da karanta wannan kwafi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na wa ne jinom ɗin da muke aunawa da shi. Kusan kashi 70 cikin 100 nasa daga mutum ɗaya ya fito, wani mazaunin Bafalo ta jihar Niyok da ya amsa tallar jarida a 1997. Babban shirin jinom dubu ya ɗauki ƙabila biyu ne daga Najeriya, Yarabawan Ibadan da Esan. Binciken H3Africa na 2020, wanda ya karanta jinom ɗin mutum 426 ya samo bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba, ya ƙara da Birom na Filato. Idan na ga wani baƙon harafi a wutsiyar ƙwayar gadon Babarbare, ko Bahaushe, ko Shuwa, ko Babur, ko Margi, na duba rumbu ban gan shi ba, rashin ganinsa bai gaya mini komai ba. Wataƙila rabin ƙauyensu suna ɗauke da shi. Ga shi kuma gwajin da ya fi araha, mai karanta sassan furotin kaɗai, yawanci tsallake kai da wutsiya yake yi. Ina ganin wannan ne aikin da ya rage wa 'yan bayanmu, kuma kayan yinsa sun fara matsowa kusa: a 2021 aka buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ƙarƙashin jagorancin Mahmoud Bukar Maina, wanda a Jami'ar Maiduguri ya yi digirinsa na farko.

Ɗalibata ta tsara firaimarta, na duba bugun jinom sau biyu kafin in ce ta aika. Ta yi damina tana tara jini, ta kusa cika adadin da ake nema. Ranar 10 ga Satumba madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Fori da Gwange da Kasuwar Monday, ya kai har fadar Shehu. Firijin da samfuranta ke ciki ya yi kwanaki ba wuta, komai ya lalace. Iyalinta suka koma gidan 'yan'uwa, na yi makonni ban ji ɗuriyarta ba.

Ranar 7 ga Oktoba da yamma saƙonta ya shigo wayata. A ranar aka sanar cewa Ambros da Ruvkun ne suka ci kyautar Nobel ta fannin likitanci. Ta rubuto, "Malam, barka da yamma. Ashe hashiyar nan taku ta ci Nobel." A ƙasa ta ƙara da cewa kwamfutarta ta tafi da ruwa, amma littafin da na sa ta kwafe haruffan da biro yana cikin jakar da ta fita da ita, kuma firaimar na wurin wata ƙawarta a wata unguwa da ruwa bai kai ba. Tana tambaya ko takardar izinin ɗibar jini ta farko za ta yi, ko sai ta nemi sabuwa. Na ce ta zo ranar Litinin da takardar mu duba kwanan watan da ke jiki.